Binciken haske da hoton jikin ɗan Adam: ta ina ake kamawa a Legas?

Ɗan Bautar Ƙasa, Ojo:
Assalamu alaikum malamaina. Tambaya ce a madadin waɗanda suka karanta fizikis ko injiniyan lantarki. In mutum yana son ya zama malamin jami'a mai bincike a kan haske da ɗaukar hoton jiki, irin na'urar duba ido da madubin likita da oksimitar da ake maƙalawa a yatsa, ta ina zai kama? Abin yana yiwuwa a Legas, ko sai an haye zuwa ƙasar waje?

Farfesan Haske:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin maganar hayewa, ka san a kan me fannin ya tsaya. Kashe fitila, ka ɗora tafin hannunka a kan tocilan. Ja za ka gani, kuma ba za ka ga ƙashi ba. Abu biyu ne suka faru: jini ya shanye shuɗi da kore ya bar ja, tsoka kuma ta warwatsa abin da ya rage har siffar ƙashin ta ɓace. Shanyewa da warwatsuwa ke nan, kuma kowace na'ura a fannin dabara ce ta zagaye ɗaya don a auna ɗayan. Kamar yadda tashar rediyo ke da mitarta, haske ma yana da tsawon zango, sai dai da nanomita ake ƙirga shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Tsakanin nanomita 650 da 950 jini da ruwa ba sa shan haske sosai, shi ya sa yawancin na'urori ke zaune a wannan tsakanin.

Abin da za ka riƙe tun yanzu: lissafin Fourier, aljabarar matiris, ƙididdiga, da Python. Wanda ya raina ƙididdiga zai gina na'ura mai kyau ya kasa nuna tana aiki.

Injiniya na Agege:
Allah ya gafarta Farfesa, a gaya wa yaro gaskiya. Ya fita ya yi digiri na uku a inda kayan suke, sannan ya dawo in yana so. Ɗauki OCT, na'urar da ke nuna falle-fallen bayan ido ba tare da an taɓa idon ba. Rukunin James Fujimoto a MIT ne suka fito da ita a 1991, kuma shi da David Huang da Eric Swanson sun karɓi kyautar Lasker a kanta a 2023. Ana raba haske biyu, rabi ya je madubi, rabi ya shiga ido, su dawo su haɗu, a karanta zurfi daga yadda suka yi karo. Kaifinta a zurfi shi ne 0.44 sau zango sau zango, a raba da faɗin zangon fitilar. Fitila mai nanomita 840 da faɗin 50 tana ba da kimanin maikuromita 6 a iska, 4.5 a tsoka (maikuromita ɗaya nanomita dubu ne). Lissafin kowa zai iya. Amma fitilar, da kyamarar layi, da madubai masu lilo, da tebur marar motsi, in ka haɗa su dubun-dubatar daloli ne. Wane sashe ne zai saya wa ɗalibi wannan?

Dokta Likitar Yara, Idi-Araba:
Injiniya, ka zaɓi na'ura mafi tsada ka ce ita ce fannin. Ba haka ba ne. Abin da ɗakunan binciken Turai da Amurka ke nema ido rufe yana zaune a layin ganin likita a nan: baƙar fata, maleriya, sikila, jarirai masu shawara.

Misali ɗaya daga garin nan. A 2015 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin da aka yi a asibitin haihuwa na Island Maternity a kan jarirai 447 masu shawara. An kafa rumfa da leda ta musamman mai tare haske mai ƙuna da wani ɓangare na zafin rana, tana barin shuɗi ya wuce, aka kwatanta da fitilar asibiti. Hasken ranar da aka tace bai gaza fitilar ba. Dalilin kuwa fizikis ne zalla: sinadarin shawara yana shan haske a wajen nanomita 460, ya rikiɗa zuwa siffar da jiki zai iya fitarwa. Kayan aikin su ne leda, na'urar auna ƙarfin haske, ma'aunin zafin jiki, da tsare ƙa'idar gwaji. (Kada wata uwa ta karanta wannan ta shanya jariri a rana tsirara, hatsari ne. Tacewar da sa idon ma'aikata su ne aikin.)

Injiniya na Agege:
Dokta, na yarda da misalin. Amma wannan gwajin asibiti ne, ba gina na'ura ba.

Dokta Likitar Yara, Idi-Araba:
To ga na ginawa. Oksimita tana haska ja mai nanomita 660 da wanda ido ba ya gani mai 940. Jinin da ya ƙoshi da iska ya fi shan na biyun, wanda bai ƙoshi ba ya fi shan jan. Na'urar tana ware ɓangaren da ke bugawa da zuciya daga wanda ke tsaye a kowane launi, ta fitar da lamba ɗaya, R, ta duba jadawalin da kamfani ya zuba mata. A takarda launin fata bai kamata ya shiga ba, tunda ba ya bugawa. A zahiri yana shiga, don melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, ya fi shan ja, yana kuma canza hanyar da hasken ke bi. A Disamban 2020 Sjoding da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka nuna cewa a lokutan da oksimita ta ce iskar jini kashi 92 zuwa 96 ce, ainihin iskar jinin ta kasa 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙe, alhali na farare kashi 3.6 ne. Ninki uku da ɗoriya. Ƙara da namu na gida: baƙin lalle a yatsa yana iya hana na'urar karantawa gaba ɗaya, haka yatsa mai sanyi da jariri mai shure-shure. Wa ya fi mu dacewa da wannan tambayar?

Malam Mai Lantarki, Ikeja:
Bari in sa baki a nan, don kayan ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Ɗan allon MAX30102 yana da ja mai 660 da wanda ido ba ya gani mai 880, ana samun irinsa wajen masu sayar da kayan Arduino. Don koyo ya isa, amma haske mai dawowa yake karantawa, ba mai ratsa yatsa ba. In bincike na gaske ake so, a hau AFE4490 na Texas Instruments, inda kai ke saita ƙarfin kowace fitila. Inda ɗalibai ke faɗuwa:

Suna ɗauko lissafin nan na littafi, 110 a cire 25 sau R, su ce sun auna oksijin. Wannan kintace ne kawai. Kowace na'ura sai an daidaita ta da jinin jijiya da aka ɗiba aka auna a injin gas, kuma ƙa'idar ISO 80601-2-61 tana son a gwada daga 70 zuwa 100. Abokanka lafiyayyu duk 97 zuwa 99 za su nuna, ba abin da ka tabbatar.

Na biyu, fitilar ɗaki. Wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, fitila tana ƙyafta sau 100, ta shiga siginarka. A rufe yatsa da baƙin roba, a riƙa ɗaukar awo ɗaya da fitilun a kashe ana cirewa. In kyamara ce, lokacin buɗe ido ya zama 10 ko 20 ko 30 na milisakan.

Na uku, rubuta launin fata da ido. Ma'aunin Fitzpatrick na 1975 don ƙunar rana aka yi shi, ya tara mu duka a aji biyu na ƙarshe. A auna da na'urar launi a fitar da lambar ITA, mai nuna duhun fata, a wuri ɗaya a jikin kowa.

Ɗan Bautar Ƙasa, Ojo:
Na gode malamai. To kafin a kai ga mutane, a kan me ake gwada na'urar?

Malama Mai Lab, Yaba:
A kan tsokar gwaji, ƙanena, wadda kai ka haɗa ka san abin da ke cikinta. Ga mafi sauƙi, ta mililita 100. Giram 2 na agar (hodar da ke daskarar da ruwa) a ruwan da aka tace mililita 95, a ɗora a wuta ana juyawa har ya kai wajen digiri 90 ya yi garau. A sauke, a jira ya sauko kusa da 50. Sai a zuba Intralipid, ruwan kitse na asibiti mai kama da madara, mai kashi 20, mililita 5, wato ya koma kashi 1, wanda ke ba da warwatsuwa kusa da ta tsoka a nanomita 800. Tawadar Indiya ce ke tsayawa a madadin jini, amma a fara tsinka ta sosai a auna ta a injin auna launi, don ɗigo ɗaya na gangariyarta zai mayar da komai gawayi. In ka zuba Intralipid da zafi, kitsen ya tsinke. In ka yi jinkiri, agar ya daskare da gudaji. Kuma agar yana rage warwatsuwar, don haka lambar da ka gani a takarda ba ita ce a kwanonka ba, sai ka auna. A zafin Legas, ko a firji kwanaki kaɗan take yi ta fara tsatsafo ruwa.

Mai daɗewa ita ce ta silikon: Sylgard 184, kashi goma da kashi ɗaya na ruwan daskararwa, da hodar titaniyam dayoksaid kimanin miligiram 1 a kowane mililita. Matsalarta biyu, kumfa da kwanciyar hoda. A watsa hodar a cikin ruwan daskararwa da injin girgiza tukuna, a zuƙe iska da famfo, sannan a gasa a tanda mai sauƙin zafi don ta kama kafin hodar ta sauka ƙasa. Wasu na amfani da madarar gwangwani. Don nuna wa 'yan aji biyu ba laifi, amma ba mai tantancewar mujalla da zai karɓa, don kitsen kowane gwangwani daban.

Malam Lissafi, Akoka:
Kuma kafin a sayi ko giram ɗaya na agar, akwai aikin da kwamfutar cinya ta isa. MCML, tsarin kwaikwayon haske a kwamfuta wanda Lihong Wang da Steven Jacques suka fitar a 1995, kyauta ne: kana jefa ƙwayoyin haske miliyoyi a cikin fata mai hawa-hawa, kana ganin inda kowace ta ƙare. MCX na Qianqian Fang yana yin haka a kan katin hoto cikin sauri. Mai sha'awar haɗa haske da sauti ya ɗauki k-Wave na UCL. Ɗana, ka ɗauki takarda ɗaya da aka buga, ka sake fitar da zanenta guda da hannunka, sannan ka ƙara melanin a hawan sama ka ga yadda R ke gocewa. Wannan zanen za ka liƙa a wasiƙar neman malami. Wasiƙar da ke cewa "ina da sha'awa ƙwarai" ɗari-ɗari suke samu. Gani ya kori ji.

Malama Mai Lab, Yaba:
Ba a taɓo madubin likita ba, ga shi Najeriya na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya. Iyakar gani ita ce zango a raba da NA sau biyu, NA kuwa lambar ƙarfin gilashi ce wajen tattara haske. Gilashi mai ƙara girma sau 100 da ake ɗiga wa mai, mai NA 1.25, a koren haske na 550, yana raba abubuwa biyu da ke nesa da juna da nanomita 220. Ƙwayar jini ja maikuromita 7 zuwa 8 ce, zoben maleriya 1 zuwa 2, don haka ya isa. Fiksel ɗaya kada ya wuce rabin iyakar, wato nanomita 110 a kan gilashin jini. Kyamara mai fiksel na maikuromita 3.45 a kan 100 tana ba da nanomita 34.5, ɓarnar fili ce, a sa mata mahaɗi mai rage rabi. OpenFlexure, wanda aka fara a Ingila aka kuma gwada shi da abokan aiki a Tanzaniya, ana buga jikinsa da injin 3D a ɗora masa Raspberry Pi, zanensa a buɗe yake ga kowa.

Amma rabin kuskuren ba a madubin yake ba, a rini yake. Giemsa kashi 10 minti 10 zuwa 15, ko kashi 3 minti 45 zuwa 60, da ruwa mai pH 7.2. In ruwan ya yi tsami komai ya yi ja, in ya yi kanwa komai ya yi shuɗi. Rinin da ba a tace ba yana barin ɗigo-ɗigo masu kama da ƙwayar cuta. A saka methanol a siririn shafin jini kaɗai, mai kauri ba a saka masa.

Malam Lissafi, Akoka:
A nan ne masu koyar da kwamfuta gane maleriya ke yaudarar kansu. Mutum ya ɗauki hotuna dubu biyar daga marasa lafiya ashirin, ya cakuɗa, ya raba na koyo da na gwaji, ya samu kashi 99 daidai. Kwamfutar ba cutar ta koya ba, launin rinin kowane gilashi ta haddace. A raba da mutum, ba da hoto ba. Gwajin ƙarshe ya fito daga wani asibiti, wani madubi, wani mai rini. A kuma faɗi da me aka kwatanta: ƙwararren mai duba jini ko PCR, gwajin da ke gano ƙwayar halittar cutar. Mutum ashirin, mutum ashirin ne, ko hotunan sun kai miliyan.

Injiniya na Agege:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya yi maganar ɗakin da za a ajiye kayan. Laimar Ikko tana haura kashi 80 da damina. Gilashin madubi da aka bari a durowa, fumfuna ke tsirowa a kansa kamar saƙar gizo, ta ci rufin gilashin, ba ya gyaruwa. Sai akwati mai busarwa a kan kashi 40 zuwa 50, ko aƙalla mazubi mai murfin roba da silika jel da ake gasawa in ta canza launi. Ƙura kuwa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ƙwaya ɗaya a kan gilashi za ta zana zobba a duk hotunanka. Ba a gogewa da gefen riga, ana hurawa da roba, sannan takardar gilashi da isofurofil, shafa ɗaya a jefar.

Wuta: leza ba ta son sauyi daga layi zuwa janareto. UPS irin wanda ke sake haɗa wutar koyaushe ake sawa, ba na kwamfutar ofis ba, tare da wayar ƙasa mai kyau. Girgiza: janareto da tirelolin titi suna shiga awo. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗora falalen dutse a kan tiyub ɗin babur da aka hura rabi, a ɗakin ƙasa, nesa da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Leza ajin 3B da 4 tana makantarwa, kuma wadda ido ba ya gani ta fi hatsari don ba za ka ƙyafta ba. Tabarau sai wanda aka rubuta zangon lezarka a jikinsa. A cire agogo da zobe, kada hasken ya zo daidai idon mai zaune.

Abin da nake cewa, wanda bai taɓa zama a ɗakin da ake yin waɗannan daidai ba, zai ɓata shekaru yana gano su.

Farfesan Haske:
A nan kana da gaskiya, Injiniya, hannu ba ya koyo daga littafi. Inda muka saɓa shi ne a ce sai shekara huɗu ko ba komai. Akwai tsaka-tsaki. Cibiyar fizikis ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana yin kwas ɗin haske na lokacin sanyi, tana kuma ɗaukar nauyin 'yan ƙasashe masu tasowa. Akwai cibiyar leza ta Afirka da ke ƙarƙashin CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Afirka ta Kudu, a Pretoria. Akwai Africa Microscopy Initiative a Jami'ar Cape Town, inda masu bincike na Afirka ke zuwa da samfurinsu su yi aiki da manyan madubai. Kusa da mu, Jami'ar Cape Coast a Gana tana da cibiyar leza da ta daɗe tana aikin hoton maleriya da launuka da yawa. Mai son cikakken karatu ya duba shirin Europhotonics na tallafin Erasmus Mundus na Turai, da makarantar Abbe a Jena ta Jamus ta hanyar DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, da tallafin Commonwealth. A lura, a Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura sababbin malamai karatu waje, ta bar na cikin gida. Tsarin da ya fi dacewa da wannan hali shi ne rajista a nan, malami na biyu a can, watanni shida na awo a ɗakinsu, marasa lafiya a namu.

Tsanin aiki kuwa sananne ne: mataimakin malami da digiri na biyu, malami na II da na uku, malami na I, babban malami, mataimakin farfesa, farfesa. Galibi shekara uku tsakanin hawa da hawa, kuma biyun ƙarshe sai an aika takardunka ga masu tantancewa na waje. Kowace jami'a da kundinta na maki, ka samo shi ranar da ka kama aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Malamar Fizikis, Surulere:
Yallaɓai Farfesa, a ƙara masa da tarkon da ke cikin tsanin. Kundin yana ƙirga yawan takardu, fannin nan kuwa takarda ɗaya mai awo na gaske tana cin shekara biyu. Sai matashi ya ga abokinsa ya buga goma, ya faɗa hannun mujallun a-biya-a-buga masu amsawa cikin sati. Waɗannan za su iya ɗaga ka hawa ɗaya, amma duk mai ba da tallafi na waje da ya gan su zai rufe fayil. Mafita ita ce a yanka aiki ɗaya gida-gida na halal: kwaikwayon kwamfuta takarda, tsokar gwaji da siffanta na'ura takarda, gwajin asibiti takarda. A nufi Biomedical Optics Express ta Optica ko Journal of Biomedical Optics ta SPIE, a nemi rangwamen kuɗin bugawa tun kafin a aika, ba bayan an karɓa ba. Ƙungiyoyin biyu suna da rassan ɗalibai da tallafin zuwa taro. 

Dokta Likitar Yara, Idi-Araba:
Kuma kada injiniya ya shigo ɗakin marasa lafiya da na'ura a jaka ya ce minti biyu ne. Sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, mai rajista da NHREC, kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, kuma yana ɗaukar watanni, a sa shi a jadawali. Takardar amincewa ta kasance da harshen da mutum ke ji. A Idi-Araba da Agege da Mile 12 wannan na nufin Hausa, wani lokaci a karanta masa a gaban shaida. Hoton ido da na fuska bayanan mutum ne a dokar kare bayanai ta 2023, ba a ajiye su a waya. Jerin sunayen marubuta a rubuta shi da likitan da mai duba jini kafin a ɗibi samfurin farko, don nan ne zumunci ke lalacewa.

Ɗan Bautar Ƙasa, Ojo:
Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: in tallafi ya samu, me za a fara saya, kuma ta yaya kayan ke shigowa?

Injiniya na Agege:
Abin awo kafin abin haskawa: na'urar auna ƙarfin haske, farantin USAF 1951 don gwada kaifin gani, farin faranti na daidaita launi, akwatin busarwa, UPS. Manyan kaya suna son Form M, takardar shigo da kaya ta banki, kuma jami'a na iya neman takardar yafe haraji daga Ma'aikatar Kuɗi, amma a fara nema kafin kaya su taso, in ba haka ba kuɗin ajiya a filin jirgi zai cinye ragowar tallafin. A bar wani kaso saboda canjin dala tsakanin ranar rubuta kasafi da ranar biya. Sannan a duba lambar kowane ƙarfe sau biyu. Teburin awon mita raminsa M6 ne a tazarar milimita 25, na awon inci kuwa 1/4-20 a tazarar 25.4. A ido ɗaya suke, amma kusar wannan ba ta shiga ramin wancan, in ka tilasta ta sai ta cinye zaren. A kundin Thorlabs, na mita yana da /M a ƙarshen lamba.

Malam Mai Lantarki, Ikeja:
Kusoshin M6 da M4 kam kada a yi odarsu daga waje, suna nan a kasuwa, a nemi na bakin ƙarfe marar tsatsa saboda iskar teku. Makullan Allen ma haka, saiti biyu, don na milimita 5 kullum ɓacewa yake.